Ƙayar Bushiya da Askar Malam

Ina duk kawunan nan suka shiga ranar da mijina Malam ya nemi mai yi masa aski? Har yau ba wanda ya ba ni amsa. Rubuta yadda na faɗa, kada ka sassauta.

Muna yara a Gwiwa, bayan magariba kakata Iya Tabawa takan tara mu a bakin murhu, muna ɓarar gyaɗa tana mana tatsuniya. Ta bushiya na fi so. Wai a da bushiya ce wanzamiyar dawa, bayanta sumul kamar ƙwarya. Zaki, kura, biri, kowa wurinta yake zuwa aski. In ta ja aska sai ta goge kumfa da gashi a bayanta, don kada ta ɓata wa mai kai jiki. Kumfa ta bushe, gashi ya ƙame, ya zama ƙaya. Ranar da ta ce ita ma a aske ta, kowa ya ja da baya.

"To ƙayar nan gashin wa ne?" Iya takan tambaya tana iza wuta. "Ku faɗa mini, 'yan nema."

Mu dai dariya muke yi.

Sai ga shi na auri wanzami a Roni. Malam bai taɓa goge aska a rigar mutum ba. A bayan hannunsa na hagu yake share kumfa, har fatar wurin ta yi kanta. Jariri, ango, liman, duk sun sunkuya a gabansa.

Da tari ya kwantar da shi, gashi ya taru, ya ce ba ya son ya gamu da Ubangijinsa buzu-buzu. Na aika wa waɗanda ya koya wa sana'a. Wannan wai ya tafi kasuwar Kazaure, wancan ya ce a gaishe shi. Tarin suke tsoro. Su ne kuma suka cika mini ƙofar gida ranar jana'iza, kai fes, suna yabon halinsa. Allah ya yafe musu in ya so, ni ban yafe ba. Iya, yanzu na san gashin wa ne.

Ranar da suka ƙi zuwa, ni na ɗauki askar, abin da mace ba ta yi a garinmu. Hawaye na rufe mini ido, har na yanke shi a bayan kunne. Aska ta cika da kumfa, na waiwaya neman tsumma. Sai ya ɗago hannun hagu da ƙyar, ya miƙo mini bayan hannun.

"Goge a nan, Dije," ya ce. "Hannun ya saba."