Tsohuwar Da Take Leƙenmu Ta Bayan Labule

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Lokacin da abin nan ya same ni, ɗaliba ce ni mai karatun digiri na uku a Manchester da tallafin gwamnatin jiharmu, ina da aure da 'ya ɗaya da ba ta kai shiga firamare ba. A Birmingham muka fara zama, a Ladywood, inda na yi digiri na biyu, maigidana kuma ya samu aiki a wani babban siton kaya. Da na samu gurbi a Manchester sai muka ga bai kamata ya saki aikin ba. Muka shirya ya riƙa kwana wajen wani abokinsa yana zuwa mana ƙarshen mako, ni da yarinya mu koma kusa da uni, wato jami'a. A lokacin gani nake duk wata wahala ta ɗan lokaci ce, kuma mai son karatu ba ya tsayawa zaɓen wurin kwana.

Neman gida ya kusa sa ni kuka a titi. A unguwar Hulme da ke kusa da uni ɗakuna suna nan, amma da zarar an ji akwai yarinya sai a ce an riga an bayar. Flat kuwa ya fi ƙarfinmu. Ana cikin haka wata 'yar'uwa ta haɗa ni da wani landlord mai gida a bayan gari, irin unguwannin nan masu shiru da bishiyoyi, kowane gida da lambunsa gaba da baya, kowane gida iyali ɗaya. Daga waje gidan bai bambanta da na maƙwabta ba. Ciki ne aka yanyanka shi. A ƙasa akwai wasu maza biyu masu aikin asibiti, a bene akwai mata da miji, mu kuma aka ba mu cikin rufi, inda a da ake jibge tarkace. Ƙofar da ake bi a hau wajenmu an yi mata fenti kamar ta kabad, sai an buɗe ake ganin siririyar matakala. Landlord ya gaya mini ƙarara cewa council, wato hukumar gari, ba ta yarda a raba gida a unguwar ba, don haka ta lungun baya zan riƙa shiga da fita, kada in sa suna a ƙofa, kuma duk wanda ya tambaye ni in ce baƙunta na zo. Na amince, har da godiya.

Ashe na faɗo ne a tsakiyar rigima. Council tana duba yiwuwar barin a riƙa raba irin waɗannan gidaje su zama flat biyu ko uku, mutanen layin kuma sun tayar da ƙayar baya. Kusan kowace taga an manna takardar adawa. Suna cewa motoci za su cika titi, shara za ta yi yawa, makarantar yara za ta cushe, kuma za a cika musu layi da mutanen da yau suna nan gobe sun tashi. Masu goyon baya su ma suna da tasu hujjar, cewa 'ya'yan layin kansu sun kasa samun wurin zama kusa da iyayensu, ga tsofaffi su kaɗai a gidaje masu ɗakuna rututu. Har cikinmu 'yan Arewa maganar ta shiga. A wani taron suna a Birmingham na ji wani likita ɗan garinmu, wanda ya sayi gida a irin wannan unguwa, yana cewa shi ma da hannunsa zai sa adawa, don bai sha wahalar shekaru ba domin a mayar masa da layi tashar mota. Maigidana ya tambaye shi a ina ya kwana shekarar da ya sauka ƙasar nan. Aka yi dariya aka bar maganar, ni dai ban yi dariya ba.

Jagorar masu adawa a layinmu wata tsohuwar Baturiya ce, mijinta ya rasu, gidanta yana kallon namu. Ita take bi gida-gida da sandarta tana tara mutane. In ba ta fita ba tana zaune bakin taga, kuma lungun bayanmu yana ɓullowa ne daidai inda take iya hangowa. Duk safiya idan na fito da yarinya za mu hau bas, sai na ga labulenta ya motsa. Ban taɓa jin tsoron mutum kamar yadda na ji tsoronta ba, domin na san kalma ɗaya daga bakinta za ta iya watsa mana kaya waje. Tsoron nan ya bi ni har cikin ɗaki. Na hana yarinyata gudu, na hana ta waƙa, na hana ta ɗaga murya. Tagarmu ɗaya ce, a jikin rufi take tana kallon sama, amma idan aka hau gado ana hango benen tsohuwar. Wata rana na kama yarinyar a kan gado tana ɗaga mata hannu. Na fizgo ta, na yi mata faɗan da har yau nake nadamarsa. Daga ranar ta koyi magana ƙasa-ƙasa kamar mai zaman makoki.

Ranar da abin ya faru tsakiyar mako ce. Na tashi da zazzaɓi, ban je uni ba, ban kai yarinya makarantar reno ba. Bayan azahar na sha magani muka kwanta. Tarinta ne ya tashe ni. Ɗakin ya yi duhu kamar magariba, ga wani wari mai ɗaci na ƙonewar roba. Na sauka matakala da gudu na taɓa ƙofar nan mai kama da kabad, zafinta ya sa na janye hannu. Wayata tana cikin aljihun rigar sanyi da na rataye a wajen ƙofar. Na koma sama na tura taga, sai hayaƙin da ke tasowa daga bene ya danno ciki, dole na rufe. Na jiƙa tawul da zanin gado na toshe ƙasan ƙofa, na kwantar da ita a ƙasa na rufa mata jikina. Ina jin jiniyar motocin kashe gobara, ina jin hayaniyar mutane a titi, amma ba wanda yake hawowa. Nan na gane abin da na yi wa kaina: a wajen duk mutanen da ke waje, babu kowa a cikin rufin nan.

Ina ta salati da duk addu'ar da ta zo bakina, sai yarinyar ta matso da bakinta kusa da kunnena, ta tambaye ni da Turancinta na 'yan nan, a hankali kamar yadda na koya mata, wai yanzu an yarda ta yi ihu? Na ce mata, “Yi ihu, uwata, yi iya ƙarfinki.” Muka yi tare, amma hayaƙi ya riga ya cinye mana murya. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba. Abin da nake iya tunawa shi ne ƙarar fashewar gilashi, da haske ya shigo, da wani mutum cikin kayan kashe gobara ya miƙo hannu yana cewa in fara ba shi yarinyar.

A asibiti ɗaya daga cikin mazan ƙasa ya zo duba mu, yana magana yana share hawaye. Shi ya ba ni labarin abin da ya faru a waje. Wutar daga lantarki ta tashi, wayoyin da aka ja don gida ɗaya aka ɗora musu girki da na'urar ɗumama ɗaki na gida uku. Da masu kashe gobara suka tambaya ko akwai saura a ciki, shi da bakinsa ya ce kowa ya fito, don ya ɗauka ina uni kamar kullum. Aka kira landlord a waya, ya ce sama wurin ajiya ne kawai. Sai ga tsohuwar nan ta tsallako titi da silifas, ko rigar sanyi babu, ta ture wanda ya tare ta, ta riƙe hannun shugabansu. Ta ce akwai mace da ƙaramar yarinya a cikin rufi. Ta ce kullum da safe suna wucewa su hau bas, yau ba su wuce ba, kuma da hantsi ta ga an ɗaga tagar sama an mayar. Da aka ce mata mazauna gidan sun ce babu kowa, sai ta ce ta fi mazauna gidan sanin wanda ke cikinsa. Ta nuna musu tagar da sandarta, ba ta saki hannun mutumin ba sai da ta ga an jingina tsani.

Na daɗe a kan gadon nan ina kallon silin. Watanni ina roƙon Allah Ya kawar da idon matar nan daga kanmu, ashe da Ya amsa mini yadda na so, da gawarmu za a sauko da ita. Maigidana ya iso daga Birmingham da yamma ko takalmin aiki bai cire ba. Ya ɗauki 'yarsa ya kasa zama, sai zagaya ɗaki yake yana maimaita sunan Allah.

Bayan an sallame mu mun koma Ladywood wajen abokin nasa na ɗan lokaci. Da na ji ƙarfi maigidana ya ce wajibi ne mu je mu yi godiya. Muka tafi da turare da dambun nama. Ta buɗe ƙofa, ta dube mu sama da ƙasa, ta ce mu shigo shayi zai huce. Ina fara godiya ta dakatar da ni. Ta ce gara in san gaskiya: ba don ƙauna take kallonmu ba, ƙirga mu take yi, kuma ta sha kai ƙarar gidan wajen council don a fitar da mu. Ta ce tun makon farko ta san da yarinyar, kuma ranar da ta ɗaga mata hannu ita ma ta ɗaga, sai dai an riga an janye ta. Ta ce ba ta canza ra'ayi ba ko kaɗan, kuma za ta faɗi haka a zaman da council za ta yi da mutanen unguwa. Sannan ta ce ya kamata ni ma in zo in faɗi nawa, tunda na fi kowa sanin cikin gidan.

Na je zaman. Ita ta fara tashi, ta ce ga abin da raba gidaje yake jawowa, an kusa rasa uwa da 'ya a kan idonta. Da aka ba ni dama na ce hanin ne ya tura mu cikin rufi, domin mutane irina ba za su daina zuwa ba, kuma da an yarda a raba gidan a fili, da an duba wayoyinsa, da an yi masa ƙofar tsira, da kowa ya san muna ciki. Wuta ɗaya, ni da ita kowa ya kafa hujja da ita, kuma har yau ban iya cewa ƙarya ta yi ba. Wasu sun tafa mata, wasu sun tafa mini, aka tashi ba a yanke komai ba. A bakin ƙofa ta ce maganata ta yi tsawo amma ta ji ta, sannan ta sa jikanta ya kai mu tasha a mota. Yanzu muna Salford kusa da Manchester, mu ukun a wuri ɗaya, kuma na ji har yanzu ana ta jan maganar a can.

Abin da na koya, Edita, ya fi ƙarfin bakina. Na ga yadda Allah Yake ajiye tsirar bawa a hannun wanda bawan yake gudu, ba tare da ya mayar da shi masoyi ba. Na kuma daina yi wa mutanen da ke adawa da mu kuɗin goro. Akwai masu ƙinmu don launinmu, ban musa ba, amma akwai waɗanda tsoronsu na gaskiya ne, kuma za ka iya zama da su ku yi gardama ido da ido. Ina kira ga 'yan'uwa masu zuwa karatu, musamman masu yara: duk matsin da kuke ciki, kada ku karɓi ɗakin da sharaɗinsa shi ne ku zama kamar ba ku nan. Ku tambaya ko council ta san da rabon gidan, ku duba ta ina za ku fita idan matakala ta kama da wuta. Ku gaisa da maƙwabta ko da fuskarsu a ɗaure take. Waɗanda kuma Allah Ya buɗa wa suka sayi gida, idan za ku sa hannu a kan adawa, ku sani mutanen da kuka hana ba komawa gida suke yi ba, wani lungun suke shigewa inda ba mai duba su. Yarinyata ta shiga firamare yanzu, malamarta tana ƙorafin ta cika surutu a aji. Na ce mata ta yi haƙuri, zan yi mata magana, amma har yau ban yi ba.