Ni ce na ƙona takardun Malam Habibu

Shekara ashirin da biyar ke nan da muka kai ɗana Habibu makwancinsa. Ni ce Hajiya Dije, wadda a da ke tuwon sayarwa a kasuwar Mont-Bouët. Ban san bihim ba. Ina faɗa ne, 'yarsa Rakiya tana rubutawa.

Malamin jami'a ne a nan Libreville, yana koyar da aikin akanta, amma lissafinsa daban yake. Yakan ce in kamfanin katako ya rubuta ribar da ya ci, to ya rubuta har kogin da ya gurɓata da gonar da ya tattake. Na ce, "Ɗan nan, kogi ma kuɗi gare shi?" Ya ce, "Inna, tambayi mai shan ruwansa." Shekara shida, duk hutu yana daji, ƙauye bayan ƙauye, yana rubuta abin da mutane suka faɗa masa.

Ana nan ana nan, sai aka karya darajar sefa. Gari ya ɗau zafi, aka shiga kamen baƙi, mu kuwa ko nan aka binne cibiyarka baƙo ne kai. Ranar da jandarmomi suka shigo unguwarmu Lalala gida-gida, Habibu yana wurin aiki. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Dije, takarda ce ke ɗaure mutum." Na buɗe akwatinsa, na kasa takardun biyu. Masu sheƙi, da hatimi da hoton itatuwa, na ce waɗannan na hukuma ne, na adana. Na rubutun hannu, masu tabon laka, na cusa su ƙarƙashin tukunya. Jandarmomin kuwa, katin zama kawai suka duba suka wuce.

Da ya dawo ya daɗe tsaye gaban murhu. Can ya ce, "Inna, kin ajiye yabon da kamfani ya yi wa kansa, kin ƙona bakin mutane." Sai ya tsuguna ya ce in zuba masa tuwo. Bai sake tayar da zancen ba. Garin neman gira na rasa ido.

Ya koma daji, ya tarar tsofaffin sun ƙaura ko sun rasu. Littafin da yake shirin rubutawa bai fito ba. Aka fara raɗa cewa masu katako sun toshe masa baki. Ya ji, ya haɗiye, don kada a nuna uwarsa da yatsa. Bayan shekara biyar ciwo ya ɗauke shi da wannan tabo.

Yanzu Rakiya ta ce kamfanoni kan buga littafi guda a kan ruwa da itace, ɗalibansa kuma na koyar da abin da a da ake yi masa dariya a kai. Da yana nan, na san ba zai yi saurin murna ba. Zai so ya ga takalmin marubucin tukuna, ko ya taka laka.

Ɗalibai suna nan, 'ya tana nan, saura wanke suna. Ya rufa mini asiri har kabari, ni kuwa na kusa bin sa, ba na son in tarar da shi da wannan kaya. Ku da kuka zarge shi, in kuna raye, ku ji: ba wanda ya saye shi. Hannuna ne. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mini.