Kawu Garba Maɗori da Samarin Rijiya

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar kawuna, Malam Garba Maɗori na Aliero, ƙanen mahaifiyata. Waɗanda suka san shi da ɗori suka san shi, don daga Jega har Maiyama ana kawo masa wanda ya karye a mota ko ya faɗo daga bishiya. Ni ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ina so in faɗi abin da ya yi mana, mu samari goma sha ɗaya, a shekarun farko da aka ba mu jihar Kebbi, lokacin da muke ganin mu ne za mu gyara ƙasar nan kafin damina ta faɗi.

Abin da ya haɗa mu ruwan sha ne. A ƙauyukan da ke kewaye da mu mutane daga tafki suke sha, kurkunu kuma yana kwantar da manomi daidai lokacin shuka. Muka kafa ƙungiya, wasunmu malaman firamare, wasu 'yan tasha, muna bin ƙauyuka a kan kekuna muna koya wa mata tace ruwa da ƙyalle. Muna rubuta takardun koke, muna tara jama'a su haƙa rijiya da kansu idan hukuma ta yi nawa. Shugabanmu Sa'idu ne, ɗan wani mahauci a kasuwar Jega. Ban taɓa ganin mutum mai zafin aiki irin nasa ba. Yakan tashi daga Jega da safe, ya yi taro a Danwarai, ya wuce Sabiyal, ya dawo da la'asar ba abin da ya shiga cikinsa sai goro. Idan wani ya ce ya gaji, Sa'idu yakan tuna masa cewa akwai mai kwance da ƙafa a kumbure wanda ba shi da damar gajiya. Muna jin kunya mu ci gaba.

Kawu bai taɓa shiga taronmu ba, bai kuma iya karanta takardun da muke alfahari da su ba. Amma tunda hanyarmu ta Aliero take bi, sai ya kafa mana doka: duk wanda ya ratsa garin sai ya sauka a zaurensa. Za a kawo fura ko tuwo, ba kuma za a yi maganar rijiya ba sai kwano ya koma wayam. Yakan sa mu cire takalma ya duba ƙafafunmu, ya latsa gwiwa, ya ja fatar ido ya ce wannan jininsa ya yi ƙasa, a ba shi hanta. Ranar Juma'a kuma ya hana mu fita ko'ina. A bayan idonsa mukan yi dariya, mu ce tsoho bai san gwagwarmaya ba, so yake ya mai da mu 'yan cin tuwo.

Abin ya faru ne a wani ƙaramin ƙauye bayan Sabiyal. Mun shawo kan mutanen su haƙa rijiya, suka ɗauko wani gwanin haƙa mai suna Bawa. An yi nisa, ƙasa ta fara danshi, sai gefe ɗaya ya rufta a kansa da hantsi, muna tsaye. Sa'idu ya kama igiya ya dira ba tare da ya tambayi kowa ba. Ƙasa ta sake zubowa ta karya masa cinya. Shi an ciro shi da rai. Bawa kuwa sai gawarsa, ya bar mata da 'ya'ya uku.

A amalanke aka kai Sa'idu gidan Kawu. Ɗorin bai ba shi wuya ba. Ya ja ƙafar, ya jera karare ya ɗaure, cikin wata biyu ƙashi ya kama. Amma mutumin da ya tashi daga tabarmar ba Sa'idun da muka sani ba ne. Ya daina magana, ya daina cin abinci sai an matsa masa, ya fuskanci bango ya wuni. In ya buɗe baki, abu ɗaya yake faɗa, cewa shi ya kashe Bawa, don shi ya hana a dakata a ɗaure rijiyar kafin a ƙara zurfi. Wata rana na ji yana cewa da shi ƙasar ta rufe da an huta. Na je na faɗa wa Kawu.

A gari an riga an yanke hukunci cewa aljanun rijiya ne suka shafi Sa'idu. Mahaifinsa ya zo da niyyar ɗaukarsa a kai shi inda ake ɗaure masu taɓin hankali. Kawu ya zaunar da shi a zaure, ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya ce:

"Malam, yaron ga ba mahaukaci ba ne, baƙin ciki ne ya yi mai yawa. Hannuna ƙashi ya sani, wanga ciwo ya fi ƙarfinai. Amma akwai waɗanda sunka karance shi, can za mu."

Har yau ina mamakin wannan magana daga bakin mutumin da duk ƙasar ke kawo wa marasa lafiya. Ya bar masu jiransa a hannun ƙanensa, ya shiga mota da Sa'idu har Sakkwato wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ya riƙa mai da shi duk wata, shi ke tuna masa shan magani, malamin unguwa kuma yana zuwa yana yi masa addu'a. Ya raba mana kwanaki, kullum mutum biyu su wuni da Sa'idu, ko da ba za a ce uffan ba. Ya sa shi gyaran albasa a rumfa tare da mutanen gida, don hannunsa ya sami abin yi.

Mu ma bai ƙyale mu ba. Ya ce ƙungiya ta tsaya cak har wata guda. Wasunmu suka fusata, suka ce in muka tsaya za a ce mun gudu. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya tambaya, wa ya yi barci mai kyau tun ranar da rijiya ta rufta? Babu ko ɗaya cikinmu. A ranar na fara faɗa wa wani cewa ni ma ina ganin ƙafar Bawa duk lokacin da na rufe ido. Ashe kusan dukanmu haka muke, kowa yana ɓoyewa don kada a ce ya yi rauni.

Da Sa'idu ya ɗan farfaɗo, Kawu ya kai shi wurin mahaifin Bawa, wani dattijo makiyayi da ya daɗe da zama a ƙauyen. Sa'idu ya durƙusa ya kasa ɗaga kai. Dattijon ya ce ɗansa ya shekara goma sha biyar yana shiga rijiya, ya san haɗarinta fiye da kowa, kuma kwanansa ne ya ƙare. Sa'an nan ya ce:

"Jikokina har yanzu tafki suka sha. In kana son ka yi wa Bawa wani abu, ka ƙare rijiyar ga."

Da rani ya zagayo muka koma. Wannan karon ba gaggawa, ana haƙa ana ɗaurewa da siminti, kowa yana da ranar hutunsa. Sa'idu yana bakin rijiyar da sandarsa lokacin da guga na farko ya fito da ruwa garau, mata suka ɗauki guɗa, dattijon nan ya fara sha. Bayan ita muka yi wasu a ƙauyuka da dama, hukuma ma ta shigo da nata aikin. Yau yaran wannan yanki ba su san kurkunu ba sai a labari.

Nakan tambayi kaina abin da Kawu zai ce da ya ga samarin yanzu. Suna da ƙwazo, suna yaƙi da shaye-shaye, suna bin haƙƙin manoma da makiyaya, suna neman a gyara asibitocin karkara. Amma gwagwarmayarsu ba ta tashi, tana cikin wayar da ke aljihunsu, zagi da barazana suna bin su har ɗaki. Muna yaba musu a taro, ba mai tambayar yaushe rabonsu da hutu. Ina jin Kawu ba zai tsaya sanin me suke rubutawa ba. Zai karɓe wayar ya ajiye a gefe, ya sa su zauna, ya jira har su faɗi abin da ke damunsu.

Bai bar gidan bene ba, ba kuma titin da aka sa wa sunansa. Abin da ya bari mu ne. Cikin goma sha ɗayan nan biyu sun riga mu gidan gaskiya a kan shimfiɗarsu, da jikoki kewaye da su, sauran muna nan da furfura, ba wanda aikin ya cinye. Kwanan baya wasu matasa a Jega suka gayyaci Sa'idu ya ba su tarihin rijiyoyin. Ya ba su, sa'an nan ya tsaya gaban ɗaki cike da mutane, har da surukansa, ya ce ya taɓa yin ciwon damuwa, ya sha magani fiye da shekara, kuma ba ya jin kunyar faɗa. Da aka tashi muna neman takalmanmu, wani saurayi da ya fi kowa zafin magana a taron ya matso kusa da shi, ya rage murya, ya tambaye shi wace rana likitan ke zama. Sa'idu ya ce masa ya shirya ranar Litinin, tare za su tafi.

Allah Ya kai haske kabarin Kawu Garba.