Saƙon Suna da Ya Ƙi Fita daga Shagon Kawu

Shekarar da na gama karatun informatik, wato ilimin kwamfuta, kawuna ya ɗora mini aiki. Danginmu sun watsu tsakanin Kumasi, Abijan da Yamai, shi kuma ya gaji da buga wa kowa waya in an yi haihuwa ko rasuwa. Sai na rubuta masa ɗan program a ordinata, wato kwamfutar shagonsa na atamfa da ke Zango. In ya rubuta sanarwa sau ɗaya, sai ta tafi ga kowa ta mel, wato wasiƙar intanet. An jima ana haka lafiya.

Da matarsa ta haihu, suna ya matso, ya danna saƙo ya ƙi fita. Ya aika aka kira ni. Na zauna tsakanin tulin atamfa ina duba kodin program ɗin da ni na rubuta da hannuna, ban ga abin da ya canza ba. Adireshi daidai, kalmar sirri daidai, koneksiyon ɗin intanet ma tana nan. In na danna, sai ordinata ta yi shiru, can ta ce lokaci ya ƙare. Lokacin me? Na sake dannawa, na sake, har na fara zargin ko ban taɓa fahimtar abin da na rubuta ba.

Na kira wata ƙawata da muka yi aji ɗaya, tana aiki a wani ofis a Kuluba. Ta saurara, ta ce, "Wane por kike amfani da shi?"

"Ashirin da biyar."

"To shi ne. Masu ba da intanet sun toshe shi saboda masu watsa saƙonnin banza. Ki koma ɗari biyar da tamanin da bakwai, ki kunna rufin sirri."

Kawu yana gefe yana auna yadi, kunnensa na wurina. Ya ajiye almakashi.

"Por aka rufe? Na Lome ko na Tema? Ina da kaya a hanya fa!"

"A'a, Kawu, ba tashar jirgin ruwa ba. Wata ƙofa ce a cikin ordinata."

Ya leƙa bayan akwatin, ya shafa ramukan wayoyi. "Wacce daga ciki?"

Na ce ba a ganinta, lamba ce kawai. Ya ce, "Ke 'yar nan, ƙofar da ba a gani, wa ya rufe ta?" Gaskiya ni ma a lokacin a baki kawai na san abin.

Na goge lambar, na sa sabuwa. Saƙo ya ƙi fita. Na sake kiran ƙawata, ashe layin rufin sirrin na manta. Na ƙara shi, na danna, saƙo ya fita.

Abin da ban lura da shi ba, program ɗin yana ajiye duk saƙon da ya kasa fita. Da hanya ta buɗe, duk suka tafi tare. Kafin la'asar gwaggonmu ta Kumasi ta kira, tana tambaya jarirai nawa aka haifa, don sanarwa ta cika mata waya. Kawu ya miƙo mini tarho ya ce in yi mata bayani da kaina. Na fara da maganar por, ta katse ni ta ce in bar mata turancin nan, ita dai ragon suna ɗaya ne ko biyu?