Dakta Nasidi da Soron Gidansu

Na daɗe ina shakkar mutumin da ya bar abin da ya ƙware a kai ya kama wani. Da wannan shakka na fara zuwa zauren Dakta Nasidi a Ƙofar Gayan, shi da ya yi karatun injiniyan man fetur a Romaniya, yana koyar da shi a jami'a, amma hirarsa duk ta hasken rana ce.

A lokacin wahalar mai ta 1994 abin ya same shi. Motarsa ta kwanta a ƙofar gida har kaji suka saba da ƙarƙashinta. In ya fito da keke, Bahago tela maƙwabcinsa sai ya leƙo.

"Malamin mai, yau ma da ƙafa ake tuƙin?"

Nasidi ba mai iya zama ba ne. Ya zauna ya tashi, ya buɗe littafi ya rufe. Ƙarshe ya aro na'urar auna ƙarfin hasken rana, ya ce zai bi ta shekara guda ya ga ko ranar Zariya za ta iya dafa abinci. Abokan aikinsa suka ce yana wasa da ƙarin girmansa. In awon ya yanke, ba takardar da zai wallafa, ga binciken man ya riga ya ajiye.

Ya kafa tsani ya hau soron gidansu da hantsi ya girka na'urar, bai aika wa kowa ba. Shekarun waje sun mantar da shi cewa namiji ba ya hawa soro sai an sanar da maƙwabta, mata su kimtsa. Salati ya tashi ta kowace katanga. Kafin ya sauko Bahago na zaure, ba dariya.

"Dakta, yaɓe za ka yi? Sai a faɗa mana."

"Awo ne. Kullum, har shekara."

"Kullum? Iyalina su ƙare shekara a ɗaka saboda agogonka?"

Dattawan unguwa suka ce in dai sai ya riƙa hawa, to a sauke na'urar. Kwanaki Nasidi yana zagaye tsanin kamar mai zazzaɓi. Yayarsa Kande, da ta gaji da sintirinsa, ta ɗaure zane.

"Ni ai ba wadda za ta gudu don ta gan ni. Nuna min inda allurar take."

Ita ta riƙa hawa, tana kiran lamba daga sama tana gaisawa da maƙwabta, shi yana ƙasa yana cizon yatsa in ta tsaya hira.

Na tambaye shi me ya hana shi haƙura ya koma kan mai, tunda har soron ya gagare shi.

Ya ce, "Hawan nan ɗaya da na yi, ban ga matar kowa ba. Hayaƙin itace na gani, daga nan har dutsen Kufena, kuma mafi kauri daga madafar mahaifiyata yake fita."