Ƙarfen Hannun Baba

Wata Juma'a cikin watan Agusta, ina aji huɗu na firamare, Yaya Sani ya shigo gidanmu na Dutse Uku a jiƙe sharkaf, da wani abu naɗe a leda. Wata bakwai ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da Baba a kan keken ɗinkinsa. Ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, amma hannun dama ya ƙi, yatsun sun dunƙule kamar na jariri. Yaya ya warware ledar yana fara'a. Ƙarfe ne wani mai walda a Nasarawa Gwom ya lanƙwasa daidai hannun, da maɗaurin fata uku da ɗan rami na soka cokali. Baba ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Allah ya yi maka albarka," bai ƙara ba.

Abin da ba wanda ya tuna shi ne, Baba bai taɓa cin tuwo da cokali ba. Shekara da shekaru kwano ɗaya suke ci da abokansa a zaure, kowa da hannunsa, hagu kuwa ko a mafarki. Ranar da ya fara fita da ƙarfen, cokalin ya kufce, miyar kuka ta wanke masa gaban riga, dattawan suka sunkuyar da kai don kara. Karar nan ce ta fi yi masa ciwo.

Sannan ga alwala. Maɗauran suna da tauri, sai mai hannu biyu ke iya kwance su, sau biyar a rana, kuma ni aka ɗora wa. Fatar in ta jiƙe ba ta bushewa a sanyin garin nan, har ta ci masa wuyan hannu. Ni kuwa hankalina na wurin carafke da 'yar gala-gala. Wata rana na biye wa ƙawaye muka shantake a bakin rijiya, na dawo la'asar ta yi nisa, na tarar da Baba zaune gaban buta yana jan maɗaurin da haƙori, leɓensa duk jini. Bai daka mini tsawa ba. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Har gobe in na tuna, kunya ke rufe ni.

Daga ranar ya rataye ƙarfen a ƙusa, ya kuma daina fita zaure. Umma ke ba shi a baki, ƙofa a rufe. Yaya ya ji haushi, wai an yi wa mutum gata ya ƙi. Umma ta ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka tambaye shi kafin ka je wurin mai waldan?" Shekara biyu Baba ya yi a haka, abokan suna raguwa ɗaya bayan ɗaya, har ya rasu bai sake sa hannu a kwano da kowa ba.

Yanzu 'yata kan nuna mini a waya wata safar hannu mai laushi da ke miƙar da yatsun marar lafiya. Ina so in yi murna, amma abin da ke zuwa bakina shi ne, mai ita zai iya cirewa shi kaɗai in an kira salla? Za ta wanku bayan tuwo? 'Yar tawa sai ta yi dariya, ta ce na faye tambaya. Ba ta san mu duk gidanmu ba wanda ya yi wa Baba tambaya ko ɗaya ba. Mun auna hannun Baba tsaf, amma ba mu zauna mun ji ta bakinsa ba.