Buhunan da na ƙara a Tsarnawa

Laifin nawa ne, na daɗe da sani. Warin albasa a tashar Tsarnawa ne ya tuno mini da maigidana, tsohon da ya koya mini tuƙi.

In an gama lodi yakan durƙusa, ya cusa tafin hannunsa tsakanin taya da gangar tirela. In hannun bai shiga ba, dole a rage kaya. "Ja ba wuya, ɗana," yakan ce. "Tsayawa ce aiki."

Ran nan ya gwada ya tafi salla, ni kuwa na ƙara buhuna a ɓoye. A wata gangara kusa da Malbaza na taka burki, tirela ta ingizo mu har cikin rami. Ƙugunsa ya karye, bai sake hawa mota ba. Har ya rasu yana cewa hannunsa ne ya tsufa. Ni kuma na ɓoye masa gaskiya.

Yanzu ni kaɗai nake tuƙi, kujerarsa ba kowa. Jiya na tsaya bakin kabarinsa a Konni, na ce: "Allah ya haskaka makwancinka, Baba. Hannunka bai yi kuskure ba. Ni na ƙara buhunan. Ka yafe mini."